Zuwa Ga Uwata, Kan Karatun Hanji

Dakoro, Jihar Maradi



Uwata, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya kamar yadda muke a nan. Innarki na gaishe ki, ƙannenki ma haka. An gama yankan gero, alhamdu lillahi. Gonar arewa ba ta yi yadda muka so ba, don ruwa ya ɗauke da wuri, amma wake ya rufa mana asiri. Sanyi ya fara leƙowa da asuba, makiyaya kuma sun fara gangarowa daga kwarin Tarka zuwa gonakin da aka girbe.

Saƙonki ya iso, na saurare shi da kyau. Ban amsa ta waya ba, domin magana irin wannan ba a yin ta a tsaye. Kin ce malaminki ya ba ki gurbin masta a kan garkuwar hanji, wato ƴan guntayen furotin ɗin nan da hanji ke ƙerawa da kansa don kashe ƙwayoyin cuta. Kin ce gwaggonki ta kira shi karatun kashin yara, abin ya yi miki zafi. Ni dai na ji a muryarki cewa abin da ya hana ki barci shi ne tambayar da kika yi a ƙarshe: ko ya dace mutum ya kwashe shekaru a kan abin da ido ba ya gani, alhali yara na mutuwa yau, asibiti kuma na neman hannu yau?

Ki je, ɗiyata. Na yarda, na kuma sa albarka. Abin da ya rage a takardar nan dalilaina ne.

Kin san aikin da na yi har na ajiye: labo, madubi, jini da kashi. Kina ƙarama ƙwarai a 2005, shekarar da farin 2004 da fara suka bar rumbuna wayam. A shekarar nan ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, Dakoro na cikin garuruwan da aka buɗe musu cibiya. Tun daga lokacin, duk inda aiki ya kai ni, abu guda nake ta gani. Yara biyu, nauyi ɗaya, igiyar awon hannu ta nuna ja ga duka biyun, wato ƙasa da milimita 115. Madara ɗaya, magani ɗaya, kulawa ɗaya. Wannan ya farfaɗo, ya fara kai hannu ga kwano, fuskarsa ta cika. Wancan kuwa zawo ya tsaya kwana biyu ya dawo, ya sake tsayawa ya sake dawowa. Sai a kawo mini kashinsu in duba. In nemi ƙwan tsutsa, in nemi amiba, in nemi jardiya. Sau da yawa abin da ke cikin madubi bai raba su ba. Uwar yaron da bai tashi ba takan ce, “Cikinsa ne ba ya riƙe abinci.” Gaskiya ta faɗa, gaskiyar da madubina bai isa ya nuna ba, domin ni abin da ya fito nake kallo, alhali maganar tana can jikin bangon hanji.

Wannan ne ya sa, tun da wani likita da muka yi aiki tare ya bar mini wata mujallar Faransanci mai bayani a kan abin, nake bin diddiginsa gwargwadon ƙarfina. Wasu sunayen da zan ambata kin ji su a aji. Amma a aji sakamako ake rubutawa a allo, layi ɗaya bayan ɗaya, ba a nuna shekarun da ke tsakanin layi da layi. Su nake so ki gani kafin ki sa hannu.

Abin da ya raba jinin mutum da tarin bakteriyar da ke cikin hanjinsa shimfiɗa ɗaya ce tak ta ƙwayoyin jiki, wadda ke sabunta kanta cikin ƴan kwanaki. Bangon ƙaramin hanji cike yake da ramuka ƙanana masu zurfi, kamar rijiyoyin ƙasarmu da sai an ɗaura wa raƙumi igiya kafin guga ta fito. A can gindin kowane rami ne uwayen ƙwayoyin suke, masu haifar sabuwar shimfiɗa. In cuta ta kai gare su, bango ya lalace daga tushe. Dab da su akwai wasu ƙwayoyi cike da ƴan dunƙule-dunƙule, waɗanda wani masani a birnin Biyana, Joseph Paneth, ya siffanta a 1888, aka sa musu sunansa. Ya gan su, ya zana su, ya rasu ba da daɗewa ba, aikinsu bai bayyana ba. Shekaru da yawa suka shuɗe ɗalibai na haddace sunan don jarrabawa kawai.

Mutumin da nake so ki san tarihinsa Charles Bevins ne, likita ɗan Amurka. Ya fara wannan hanya a birnin Filadelfiya tare da Michael Zasloff, wanda labarinsa ya fi yaɗuwa. Zasloff yana yanka cikin wani irin kwaɗo na kudancin Afirka don ya ciro ƙwai, ya ɗinke, ya mayar da shi cikin ruwa mai dauɗa. Sai ya lura miki na warkewa ba ruɓa ba kumburi. Wani da ya ce sa’a ce ya wuce. Shi ya tsaya ya tambayi dalili, a 1987 ya fitar da guntun furotin mai kashe bakteriya daga fatar kwaɗon, wanda ake kira magainin. Kafin nan, a 1981, Hans Boman ya samu irinsa a jikin wani ƙwaro a ƙasar Suwidin, a 1985 kuma Robert Lehrer da Tomas Ganz da abokan aikinsu a Kalifoniya suka samu wasu a fararen ƙwayoyin jinin mutum, suka kira su difensin. Tambayar da ta rage ita ce: fatar ciki fa, ta maƙogwaro da ta hanji, wadda kullum take gogayya da ƙazanta, ita ma tana da nata?

A 1991 Bevins da abokansa suka samu ɗaya a maƙogwaron saniya. A 1992, shi da Douglas Jones suka nuna cewa ƙwayoyin Paneth na ɗan Adam na ƙera difensin, wanda aka sa wa HD5. A 1993 suka samu na biyu, HD6. A ɓera, Andre Ouellette ya riga su tun 1989, wannan ma a ba shi haƙƙinsa. Ki duba ƙanƙantar abin: amino asid wajen 32 a jere, an ɗaure su da ƙulli 3 don kada ruwan narkar da abinci ya warware su. Da zarar bakteriya ta matso bakin rami, ƙwayoyin Paneth sai su zubo dunƙulensu, difensin ya manne wa fatar bakteriya ya lalata ta. Allah Ya sa wa kowane jariri wannan tun yana ciki, ba a saye, ba a rubuta masa takardar magani.

Amma abu ya kashe bakteriya a cikin kwalba daban, ya kare mai rai daban, kuma masu shakka suna da hujjar yin shakka. Sai da aka ƙara shekara 11. A 2003, Nita Salzman da Bevins suka wallafa a mujallar Nature abin da ya faru da ɓerayen da aka dasa wa ƙwayar gadon HD5 ta mutum. Aka ɗura musu Salmonela ta baki, gwargwadon da ke kashe ɓera. Ɓerayen da ba a taɓa ba suka mutu, masu HD5 suka rayu. Suka kuma yi gwajin da ya fi burge ni: suka sa cutar da allura ta cikin ciki, ta yadda ba za ta bi ta hanji ba, sai kariyar ta ɓace. Da haka suka toshe bakin duk mai cewa wani abu ne daban ya cece su. Haka ake aiki, Uwata. Mutum ya nemi gwajin da zai iya karya maganarsa da kansa, kafin wani ya nema masa.

A 2003 ɗin nan Bevins ya koma jami’ar Kalifoniya da ke Davis. A 2005, tare da wani likita Bajamushe, Jan Wehkamp, suka nuna cewa masu ciwon Crohn na ƙaramin hanji suna da ƙarancin waɗannan difensin. A 2010 Salzman da Bevins da abokan aikinsu suka nuna wani abu da ya canja fahimtar mutane: difensin ba baƙuwar cuta kaɗai yake kora ba, shi ke tsara waɗanne bakteriya ne za su zauna a hanji su yi yawa, waɗanne za su ragu. Ke nan hanji na zaɓar maƙwabtansa.

HD6 kuwa, shi ne dalilin da ya sa na ɗauki biro. An same shi a 1993, ya yi kama da ɗan’uwansa, wuri ɗaya ake ƙera su, hanji kuma na yin sa da yawa. Amma in aka zuba shi a kan bakteriya a labo, ba ya kashe su. Aka gwada, aka sake gwadawa. Ki sa kanki a wurin wanda ya gano shi: duk taron da ya je a tambaye shi amfanin abin nan, ba shi da amsa. Masu ba da kuɗin bincike ba sa son jin haka. Kusan shekara 20 ana cikin wannan hali, bai yar da shi ba, bai kuma ƙirƙiro masa aikin da bai gani ba. Sai a 2012 wata ɗalibarsa, Hiutung Chu, ta jagoranci aikin da ya fito a mujallar Science. Ɓerayen da ke da HD6 sun tsira daga Salmonela, alhali yawan bakteriyar a cikin hanjinsu bai ragu ba. Shiga jiki ne ta kasa. Da aka duba da madubi mai ƙarfi ƙwarai, sai aka ga HD6 na kama ƴan gasun da ke jikin bakteriya, sauran su zo su manne masa, su yi ta haɗuwa har su saƙa raga su nannaɗe ta. Duk shekarun nan ana tambayar ko yana kisa, ashe aikinsa ɗauri ne.

Ki lura da waɗanda aikin ya fito ta hannunsu. Salzman mace ce, Chu mace ce, dukansu sun zama malamai masu nasu labo da nasu ɗalibai, ɗaya a Wiskonsin, ɗaya a San Diyego. A wurina wannan ne ma’aunin babban malami, fiye da yawan takardun da ya wallafa. Ki lura da malamin naki ta wannan fuska. Ki tambayi waɗanda suka gama a hannunsa ina suke yanzu, kuma sunan wa ke gaba a takardunsu.

Za ki ce duk wannan labarin ɓerayen Amurka ne, ina ruwan Dakoro. To saurara. Wani likita ɗan Ingila, Paul Kelly, ya daɗe yana aiki a Lusaka ta ƙasar Zambiya, yana duba hanjin mutanen wata unguwar talakawa da ake kira Misisi. Shi da abokan aikinsa suka samu cewa hanjin waɗannan mutane na ƙera difensin ƙasa ƙwarai da na mutanen Landan. A 2004 suka nuna cewa dunƙulen ƙwayoyin Paneth na raguwa ga masu rama da masu ƙarancin zinki a jini. A 2006 kuma suka nuna cewa waɗanda difensin ɗinsu ya fi ƙasa su suka fi kamuwa da zawo daga baya. Sunan Bevins na cikin marubutan wannan takarda. Da na karanta wannan sai na tuna yaran nan biyu-biyu. Na kuma tuna ƙwayar zinkin da muke bai wa uwaye tare da ruwan gishiri da sukari, ta kwana 10 zuwa 14, tun shawarar da hukumar lafiya ta duniya da UNICEF suka fitar a 2004. Zinki na aiki ta hanyoyi da yawa a jiki, amma ƙwayoyin Paneth na cikin wuraren da ya fi taruwa. Yunwa ta rage garkuwa, cuta ta samu ƙofa, zawo ya zubar da ɗan abin da aka ci, yunwa ta ƙaru. Wannan zagaye ne ke cinye mana yara tsakanin yaye da shekara biyu, musamman daga watan bakwai zuwa kaka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ruwan tafki ya zama na sha, zazzaɓi kuma ya zo ya ƙara.

Kuma ba sai kin tsallake teku za ki ga bincike na gaske ba. A Madarunfa, nan kudu da Maradi, cibiyar Epicentre ta gwada amoksisilin a kan yara wajen 2,400 masu tamowa marar rikici, daga 2012 zuwa 2013, ƙarƙashin jagorancin Sheila Isanaka. Kowa ya ɗauka dole maganin ya taimaka, tunda haka ƙa’ida ta ce. Sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna warkewa kusan ɗaya ce: kashi 65.9 cikin 100 ga waɗanda suka sha, 62.7 ga waɗanda ba su sha ba, sai dai ya ɗan rage yawan waɗanda aka kwantar. Suka faɗi abin yadda yake, ko da bai yi wa wasu daɗi ba. A nan Madarunfar aka gwada rigakafin zawon rota mai jure zafi a kan jarirai 3,508, aka samu kariyar kashi 66.7 cikin 100 daga zawo mai tsanani, aka wallafa a 2017. Wannan babban rabo ne gare mu, ya ceci rayuka. Amma a Turai irin wannan rigakafin na ɗigawa a baki kan kai kashi 90. Me ya sa ɗigo iri ɗaya ke kama hanjin ɗan can fiye da na ɗanmu? Masana na zargin kumburin hanji na yau da kullum, da yawan cututtuka a lokaci guda, da ƙarancin abinci. Duk inda aka juya, ga bangon hanji ake komawa.

Ga kuma abin da ke tayar mini da hankali. Wani bincike da aka yi a wata cibiyar tamowa a Maradi, aka wallafa a 2011, ya samu cewa kusan ɗaya cikin uku na yaran sun iso ne da bakteriya masu bijire wa manyan antibiyotik a hanjinsu, kuma kusan duk waɗanda suka zo ba su da ita, da aka sake dubawa lokacin sallama, sun ɗauka. Ke ma kin ga yadda ake sayar da kafso a tire ranar kasuwa, ɗaya ko biyu, gwargwadon kuɗin mai saye. Maganin da muka dogara da shi yana rasa kaifi a hannunmu. In muka rasa shi, abin da zai rage wa yaro shi ne garkuwar da aka halicce shi da ita. Ya kamata a samu ɗan ƙasa da ya san ta ciki da bai, ya san abin da fura da kunu da nonon uwa da ruwan rijiya ke yi mata.

Ba zan ruɗe ki ba. Waɗannan guntayen furotin ba su zama allura ko ƙwaya cikin sauƙi ba. Man shafawar da aka yi daga magainin don gyambon ƙafar masu ciwon sukari, hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da shi a 1999, domin bai fi maganin da ake da shi ba. Saboda haka kada ki ce wa gwaggonki za ki dawo da sabon magani a jaka. Mai yiwuwa abin da za ki samu a ƙarshen shekarunki shi ne amsar tambaya ɗaya ƙarama: misali, ko wani haɗin wake da gyaɗa da gero na tayar da ƙwayoyin Paneth na yaro mai tamowa fiye da wani, ko wace alama a kashi ce za ta gaya wa majo a Kornaka ko Sakabal cewa wannan yaron zawonsa zai dawo, a riƙe shi, kada a sallame shi. Amsa irin wannan, in ta tabbata, za ta yi aiki a hannun mutane dubu da ba su taɓa jin sunanki ba. Hannun da asibiti ke nema yau, akwai masu zuwa, Allah Ya saka musu. Masu zama su bi tambaya ɗaya har ƙarshenta su ne ba mu da su da yawa.

Yanzu ga abin da nake roƙonki, a matsayin uba kuma tsohon ma’aikaci. Duk kwalbar da za ta zo gabanki da lamba a jikinta, daga jikin ɗan wata ta fito. Uwar ta yi tafiya a amalanke ko a ƙafa, ta bar sauran yara da daka da ɗiban ruwa. In za ki nemi yardarta, ki zauna ƙasa kusa da ita, ki yi mata bayani da Hausar da take ji, ko ki nemi mai Fulatanci ko Tamajak in shi take ji. Ki gaya mata tana da ikon ta ce a’a, kuma ɗanta zai samu jinya ko ta ce a’a. In aiki ya ƙare, ki koma garin ki faɗa musu abin da aka samu. Mutanenmu sun gaji da ba da jini da kashi, mota ta tafi, shiru. Kada ki zama cikin masu yin haka. In za a aika samfur waje, ki tsaya a rubuta a takarda ina za shi, wa zai duba, sunan wa zai fito. Ba rashin kunya ba ne ɗaliba ta tambayi wannan cikin ladabi.

Kada ki gyara lamba. Ko malami ya matsa, ko kuɗin aiki na shirin yankewa, ko shekara biyu ta tafi a banza a ganinki. Abin da kwalba ta nuna shi za ki rubuta. Lambar ƙarya ɗaya na iya zama ƙa’idar jinya, a yi ta bai wa yara abin da ba ya amfaninsu, alhakin kuma na kan wanda ya rubuta. Ki ƙarfafa Ingilishinki, domin kusan duk takardun fannin nan da shi ake rubuta su. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki ci abinci, na san halinki in karatu ya kama ki.

In hanya ta buɗe zuwa waje bayan masta, ba zan tare ki ba. Sai dai ki tafi da tambayar gida, ki dawo da ita. Jami’ar Maradi da kika fito tana ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, masanin kimiyyar sinadarai, ɗan wannan jiha, wanda ya yi karatu a Faransa ya dawo ya yi wa ƙasa aiki. Akwai cibiyar bincike ta CERMES a Yamai, akwai masu bincike a Maradi. Wurin zama ba zai gagara ba, ko da kayan aiki sun yi ƙaranci.

Maganar gwaggonki ki bar mini ita. Ƙauna ce ta sa ta magana, tana tsoron karatu ya tsere da ke ya bar aure a baya. Zan je in same ta da kaina, innarki ma ta ce za ta raka ni. Ke dai ki kira ta ki gaishe ta kamar yadda kika saba, kada ta ji canji a muryarki.

Na sayar da buhun wake biyu, kuɗin rajista za su iso miki ta hannun kawunki cikin makon nan, tare da ƙullin kilishi da yajin da innarki ta daka. Ki je wurin malaminki kafin Juma’a ki gaya masa kin karɓa. In an ba ki taken aikin, ki turo mini shi a rubuce, ina so in karanta.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare ki, Ya buɗa miki.

Wassalam,
Mahaifinki.